Ƙasar Hausa da Ayar a Idon Ahmadu Baba: Yadda Ya Kamata a Karanta Nailul Ibtihaj

1. Gabatarwa

Duk ɗalibin da ya ɗauki tarihin ilmin Musulunci a Ayar, ko Katsina, ko Kano kafin ƙarni na 17, ba zai yi nisa ba sai ya gamu da wasu sunaye biyar: Magili, Aƙibu na Anu Samman, Mahlufu Balbali, Aida Ahmad Tazahti da Najibu na Takadda. Sunayen suna cikin littattafan tarihi da kundayen digiri, cikin Faransanci da Ingilishi da Hausa, kuma in aka bi sawun labarinsu, mafi yawa za a tarar daga rijiya guda aka ɗebo shi, wato littafin Ahmadu Baba na Tumbutu (963/1556 zuwa 1036/1627) mai suna Nailul Ibtihaj, da taƙaitawarsa Kifayatul Muhtaj. Tun lokacin da Cherbonneau ya gabatar da aikin ga masu karatun Faransanci cikin shekarun 1850, har zuwa nazarin Bivar da Hiskett na 1962 da littafin Mahmoud Zouber na 1977, manazarta na komawa ga waɗannan shafuka.

Dogaro da littafin ba laifi ba ne, domin marubucinsa mutum ne mai tantance magana. Inda muke ganin matsala shi ne yadda ake karanta shi kamar rajistar ƙidayar malamai, har a yanke hukunci cewa wanda ba ya ciki bai wanzu ba, ko kuma ilmi a ƙasar Hausa ya soma ne ranar da waɗannan baƙi suka sauka. A cikin wannan maƙala za mu nuna cewa Nailul Ibtihaj ya hangi yankinmu ne ta ƙofar gida guda, gidan Aƙit na Tumbutu, kuma irin adabin da littafin ya fito daga cikinsa shi ya tilasta haka. In an gane wannan, za a san abin da ya dace a nema a littafin da abin da bai dace a ɗora masa ba.

2. Aikin da tarjama take yi

Ya kamata mu fara da kalmar kanta. A Hausar yau da kullum tarjama na nufin fassara, amma a wannan fanni tana nufin taƙaitaccen bayanin rayuwar mutum guda cikin littafin da ya tara mutane da yawa. Irin waɗannan littattafai ana kiransu ɗabaƙat idan an jera mutanen zamani bayan zamani, kamar yadda Ibn Sa'ad (ya rasu 230/845) ya yi, inda ya fara da Annabi (SAW), ya bi da sahabbai, sa'an nan tabi'ai. Wasu sun jera su bisa gari, kamar Haɗibul Bagdadi (ya rasu 463/1071) cikin tarihin Bagadaza. Wasu kuma bisa haruffa, kamar Ibn Hallikan (ya rasu 681/1282), wanda ya sa wa kansa sharaɗin sanin shekarar rasuwar mutum kafin ya shigar da shi.

Buƙatar malaman hadisi ce ta raini wannan fanni. Mai binciken isnadi yana son sanin ko wane ya riski wane, a wane gari suka haɗu, kuma ko za a iya amincewa da riwayarsa. Daga nan tarjama ta gaji ƙirarta: suna da nasaba, malaman da mutum ya yi karatu wurinsu, tafiye-tafiyensa, almajiransa, littattafan da ya wallafa, shaidar da aka yi masa, da shekarar rasuwarsa. Abin da ke wajen wannan, kamar sana'ar mutum, ko harshen da yake magana da shi a gida, ko matansa, sai dai ya shigo bisa kuskure ko don wani dalili na daban.

Da mazhabobi suka kafu, kowace ta mayar da wannan ƙira ta zama hujjar cewa ilminta ya zo hannu da hannu daga limaminta ba tare da yankewa ba. A wajen Malikawa, Alƙali Iyal mai Ashafa (ya rasu 544/1149) ya rubuta Tartibul Madarik. Ibn Farhun na Madina (ya rasu 799/1397) ya biyo baya da Dibaj, mai ɗauke da tarjama ɗari shida da ɗoriya. A irin wannan littafi, tambayar da ke buɗe wa mutum ƙofa ita ce: daga wa ya karɓi fiƙihun Maliku, wa ya miƙa wa, kuma me ya rubuta? Malamin da ya shekara arba'in yana karantar da Risala a zaurensa, amma bai bar wallafa ba, kuma ba a san ijazarsa daga wani sananne ba, da wuya ya samu shiga, komi yawan almajiransa.

Malaman fannin da kansu sun san cewa zaɓen nan ba ya rasa son rai. Tajuddin Subki (ya rasu 771/1370) ya zargi malaminsa Zahabi da tauye Ash'arawa cikin tarjamominsa. Sahawi (ya rasu 902/1497), wanda ya rubuta littafi sukutum don kare tarihi daga masu cewa giba ne, shi ne kuma ya yi wa Suyuɗi tarjama mai zafi, har Suyuɗi ya mayar masa da martani a rubuce. Saboda haka karanta tarjama da idon bincike al'ada ce da ta girma tare da fannin.

3. Littafin da halin da aka kammala shi

Nailul Ibtihaj ciko ne ga Dibaj. Ahmadu Baba ya tattara waɗanda Ibn Farhun ya tsallake, da waɗanda suka zo bayansa cikin shekaru ɗari biyu, ya jera su bisa haruffa, tarjama wajen 800. Ya kammala shi a Marakesh cikin 1005/1596. Bayan shekara bakwai, cikin 1012/1603, ya fitar da Kifayatul Muhtaj, inda ya taƙaita, ya gyara, ya kuma rufe da tarjamar kansa.

Ba da son ransa ya je Marakesh ba. Sojojin Sarkin Maroko Ahmad al-Mansur sun karya daular Sanwai a Tondibi cikin 1591. A watan Oktoba na 1593 Basha Mahmud ya kame manyan gidan Aƙit, aka wawashe dukiyarsu da littattafansu, aka ƙetara da su hamada a ɗaure cikin 1594. Marubucin tarihin Maroko, Ifrani, ya ruwaito cewa Ahmadu Baba ya yi asarar littafi 1,600. An sassauta masa tsaro cikin 1596 bisa sharaɗin ya zauna a birnin, ya shiga karantarwa a Masallacin Shurafa, inda alƙalai da masu fatawa na Maroko suka zauna gabansa. Sai cikin 1608 ya sake ganin Tumbutu.

Wannan hali yana da tasiri biyu ga littafin. Na farko, masu karatunsa na kusa malaman Fas da Marakesh ne, kuma mafi yawan tarjamomin na mutanen Magrib ne da Andalus da Masar. Malaman ƙasashen Sudan da ke ciki ƴan kaɗan ne ƙwarai. Mutumin da aka kawo a ɗaure, ya zauna ya rubuta tarihin mazhabar waɗanda suka kawo shi, ya kuma jera kakansa da baffanninsa da malaminsa a layi ɗaya da manyan malaman Fas da Tilimsan, ya riga ya faɗi abin da yake son faɗi game da matsayin garinsu ba tare da ya ɗaga murya ba.

Na biyu ya shafi madogara. Game da malaman arewa, Ahmadu Baba ya tarar da aikin ƙarnoni a gabansa: littafin Gubrini kan malaman Bijaya, Ihaɗa ta Ibn Haɗib kan Garnaɗa, jerin shekarun rasuwa na Ibn Ƙunfuz da na Wansharisi, kundin malamai na Ibn Gazi, da aikin Sahawi. Game da malaman kudancin hamada kuwa, shi ne mai share fage. Madogararsa ita ce abin da ya gani, da abin da ya ji daga mahaifinsa da dattawan gidansu, da rubuce-rubucen da suka faɗo hannunsa. Iyakar sanin gidan Aƙit ita ce iyakar littafin a wannan ɓangare.

4. Tarjamomi biyar da zaren da ya haɗa su

In muka jera tarjamomin da suka shafi yankinmu muka dube su tare, zaren yana fitowa fili.

Magili, mutumin Tilimsan (ya rasu 909/1503-4), ya shigo littafin da ƙafarsa, domin sananne ne a Magrib tun rikicinsa da Yahudawan Tuwat. Ahmadu Baba ya bi tafiyarsa zuwa Ayar da Takadda, da Katsina, da Kano inda ya rubuta wa sarki risala kan sha'anin mulki, har zuwa Gawo wurin Askiya Muhammadu. Garuruwanmu sun bayyana a nan a matsayin zango cikin tafiyar baƙo.

Aida Ahmad Tazahti ya fara karatu wurin Alhaji Ahmadu ɗan Umaru, kakan Ahmadu Baba. Ya haɗu da Magili a Takadda, ya tafi gabas tare da Alƙali Mahmudu ɗan Umaru, ƙanen kakan, ya yi karatu wurin malaman Masar irin su Zakariyya al-Ansari. Da ya komo ya zauna Katsina, sarki ya girmama shi ya ba shi alƙalanci, ya rasu wajen 936/1529. Ya bar ta'aliƙi bisa Muhtasar na Halil.

Mahlufu Balbali ya shiga neman ilmi da girmansa. Malaminsa na farko, wanda ya karantar da shi Risala a Walata, shi ne Abdullahi ɗan Umaru, wani ɗan'uwan kakan Ahmadu Baba. Daga nan ya je Fas wurin Ibn Gazi, ya karantar a Kano da Katsina, ya karantar a Tumbutu, ya koma Maroko, ya rasu bayan 940/1533.

Aƙibu ɗan Abdullahi, Bamasufe na ƙauyen Anu Samman kusa da Takadda, almajirin Magili ne, ya kuma ɗauki karatu wurin Suyuɗi a tafiyar hajji. Ya yi ta'aliƙi bisa Muhtasar, ya amsa tambayoyin Askiya, ya amsa na Alƙali Muhammadu ɗan Mahmudu na gidan Aƙit, ya yi jayayya da Mahlufu kan wasu mas'aloli. Yana raye wajen 950/1543.

Najibu ɗan Muhammadu na Takadda da Anu Samman shi kaɗai ne zamaninsa ya haɗu da na marubucin, yana raye da tsufansa lokacin da ake rubuta littafin. Tarjamarsa gajera ce, kuma Ahmadu Baba ya nuna cewa labari ne ya iso masa. Abin da ya shigar da shi sharhi biyu ne da ya yi wa Muhtasar, babba da ƙarami.

Uku daga cikin biyar ɗin suna da alaƙa kai tsaye da gidan Aƙit, ko ta almajirci ko ta musayar fatawa. Biyu sun zauna gaban Magili. Huɗu sun yi rubutu bisa Muhtasar, littafin da Ahmadu Baba da kansa ya sha karantawa ya kuma yi wa sharhi. Ko ambaton Kano na biyu da ake yawan kawowa daga littafin, cikin tarjamar kakansa yake, inda ya ce da Alhaji Ahmadu ya komo daga hajjin 890/1485 a zamanin fitinar Sunni Ali, ya shiga Kano da wasu garuruwan Sudan ya karantar. A cikin waɗannan duka babu haifaffen Kano ko Katsina ko Gobir. Biyun da suke ƴan ƙasa a yankinmu mutanen Anu Samman ne, kuma ɗayansu Bamasufe ne, ƙabilar da gidan Aƙit ya fito daga cikinta.

5. Abin da shirun littafin yake nufi

Daga wannan jeri wasu suka fitar da hoton da ya zama ruwan dare: ilmi ya sauko daga arewa a hannun baƙi a ƙarshen ƙarni na 15, ƴan ƙasa kuwa sai a ƙarni na 17 suka fara, da Ɗan Marina da Ɗan Masani a Katsina. Muna ganin hoton ya ɗauki iyakar littafi ya mayar da ita iyakar tarihi. Akwai hujja iri biyu a kan haka.

Ta farko daga wajen littafin take. Ibn Baɗuɗa ya sauka Takadda cikin 1353, fiye da shekara ɗari da talatin kafin Magili, ya kuma ambaci alƙalin garin, da mai huɗuba, da malami mai karantarwa, kowanne da sunansa. Garin da ke da waɗannan muƙamai uku yana da karatun fiƙihu. Binciken da Suzanne Bernus da Pierre Gouletquer suka yi a Azelik cikin shekarun 1970, wurin da manazarta suka ɗauka shi ne Takadda ta da, ya nuna kufan gari mai masallatai da maƙabartu da aikin tagulla. Amma malaman Takadda ba su fara bayyana cikin Nailul Ibtihaj ba sai da suka haɗu da Magili da Suyuɗi, wato sai da salsalarsu ta haɗu da wadda ake ganewa a Fas da Alƙahira. Haka nan Tarihin Kano ya ambaci zuwan Wangarawa a zamanin Sarki Yaji, da zuwan Fulani da littattafan tauhidi da lugga a zamanin Sarki Yakubu. Littafin Asalin Wangarawa, wanda aka rubuta a tsakiyar ƙarni na 17 kuma Muhammad al-Hajj ya buga cikin 1968, ya ba da labarin Shehu Abdurrahman Zagaiti da jama'arsa a Kano. Waɗannan madogarai suna da nasu matsalolin shekaru, amma sun isa su nuna cewa akwai wata hanyar ilmi da ba ta bi ta zauren Aƙit ba.

Ahmadu Baba da kansa bai ɗauki ƙasar Hausa a matsayin fili marar Musulunci ba. A cikin Mi'irajus Su'ud, amsar da ya ba mutanen Tuwat cikin 1024/1615 game da bautarwa, ya lissafa Kano da Katsina da Gobir tare da Borno da Sanwai cikin ƙasashen Musulmi waɗanda bai halatta a mallaki mutanensu ba. Mutum guda ne ya rubuta littattafan biyu. A fatawa an tambaye shi hukuncin jama'a, ya faɗa. A littafin tarjama sharaɗin shiga daban ne.

Hujja ta biyu tana cikin tarjamomin kansu, in aka tambaye su abin da ba su tsaya faɗi ba. An ce Mahlufu ya karantar a Kano da Katsina. Wa ya zauna gabansa? Almajirin Ibn Gazi ba zai ƙetaro hamada don koyar da baƙi da wasali ba, sai don akwai waɗanda suka riga suka wuce matakin farko, suna neman na gaba. An ce Sarkin Katsina ya naɗa Aida Ahmad alƙali. Alƙalanci yana buƙatar masu kawo ƙara da suka yarda da hukuncin, da shaidu, da masu rubutu. Mafi armashi ita ce risalar Aƙibu kan wajabcin Juma'a a Anu Samman. A mazhabar Maliku, Juma'a na da sharuɗɗa: mazauna na dindindin, ginannen masallaci, da jama'ar da gari zai tsayu da ita. Aƙibu ya ce ƙauyensu ya cika su, wasu malaman yankin suka saɓa masa, aka aika da maganar Masar, malaman can suka goyi bayansa. Cikin layuka kaɗan mun samu ƙauye a bakin hamada da ake gardama ko ya zama gari, da malaman da suka isa su ƙalubalanci almajirin Suyuɗi a rubuce, da hanyar wasiƙa da ke kai tambaya Alƙahira ta komo da amsa. Waɗancan abokan gardamar ba a ba su tarjama ba, amma ba don su ba da risalar ba ta samu dalilin rubutuwa ba.

6. Inda tarjama ta yi rai, da abin da take koyarwa

Ba za mu yi wa littafin adalci ba in muka tsaya ga abin da ya rasa. Inda Ahmadu Baba ya san mutum ido da ido, ƙirar nan mai tsauri tana buɗewa. Tarjamar malaminsa Muhammadu Bagayogo, Bawangare (ya rasu 1002/1594), tana cikin mafi kyawun abin da aka rubuta a wannan fanni a yammacin Afirka. Ya lazimce shi fiye da shekara goma, ya sauke Muhtasar a gabansa wajen sau takwas. Ya bayyana yadda yake raba yininsa tsakanin karantarwa da salla da zuwa wurin alƙali don sasanta mutane, da haƙurinsa da almajiri mai nauyin fahimta, da yadda yake ba da aron littafi mai tsada ga ɗalibin da bai ma san shi ba. Ya tuna ranar da ya roƙe shi littattafan nahawu, malamin ya shiga taskarsa ya kwaso masa duk abin da ya samu. A ƙarshe ya ɗauke shi a matsayin mujaddadin ƙarni na goma. Wanda ya karanta wannan sa'an nan ya koma ga ƴan layukan Najibu zai ga bambancin gani da ji. Tsawon tarjama a nan yana auna kusancin marubuci da mutumin, don haka kuskure ne a auna darajar malamin Ayar da yawan layukan da aka ba shi.

Wani abin lura shi ne yadda sarakuna ke fitowa. Bagayogo ya ƙi alƙalancin da sarki ya yi masa tayi. Kakan marubucin ya ƙi limanci. Alƙali Aƙibu ɗan Mahmudu na Tumbutu (ya rasu 991/1583, kada a haɗa shi da na Anu Samman) in ya ga abin da bai yarda da shi ba sai ya tuɓe kansa ya rufe ƙofarsa, har sai an zo an lallashe shi. Gudun ƙofar sarki tsohon jigo ne a littattafan ɗabaƙat tun daga labarin Imamu Malik da halifofin zamaninsa, kuma Ahmadu Baba yana da wallafa ta musamman kan nisantar azzaluman shugabanni. Maimaituwar jigo ba ta nuna cewa labarin ƙarya ne, amma tana nuna abin da marubuci ya zaɓa ya adana. Mai neman tarihin dangantakar fada da malamai a Katsina ko Agadas ya tuna cewa yana karanta shaidar ɓangare guda, wanda ya rubuta shi kuma yana zaune a birnin sarkin da ya kama shi.

7. Magada

Tarjamomin nan sun komo ƙasar Hausa bayan ƙarni biyu. A cikin Infaƙul Maisuri (1227/1812), Muhammadu Bello ya ɗauko bayanin malaman Ayar da baƙin Katsina da Kano daga Ahmadu Baba, ya ƙara da waɗanda suka zo daga baya, irin su Ɗan Marina da Ɗan Masani da Malam Jibril ɗan Umaru, wanda kabarinsa ke yankin Madawa. Sai dai ya canza musu mazauni. Ya jera su bisa ƙasashe, kowace ƙasa da bayanin halin sarakunanta, kuma jerin yana gangarowa ne zuwa ga bayyanar Shehu Usmanu. A hannun Ahmadu Baba, Aƙibu zobe ne cikin sarƙar Malikawa. A hannun Bello ya zama shaida cewa ƙasar ta san malaman ƙwarai kafin jihadi. Saboda haka in ɗalibi ya kawo Nailul Ibtihaj da Infaƙul Maisuri a matsayin shaidu biyu kan Mahlufu ko Aƙibu, shaida guda ya kawo sau biyu.

A wannan shekara ta 1812 Abdullahi ɗan Fodiyo ya rubuta Ida'un Nusuhi kan malaman da ya yi karatu wurinsu. Da yawansu danginsa ne, baffanni da kawunnai, kuma shi da kansa ya nuna cewa akwai wasu da yawa da bai lissafa ba. Ƙofar gida ce a nan ma, ta Torankawa a maimakon ta Aƙit. Nana Asma'u kuwa, a waƙarta ta tawassuli da mata masu albarka ta wajen 1837, ta bi jerin salihan matan da suka zo cikin littattafan gabas, sa'an nan ta rufe da matan jama'arta da ta sani. Ta nan muka samu sunayen malamai mata da littattafan maza ba su riƙe ba, wanda ke nuna cewa in mai riƙe da alƙalami ya canza, waɗanda ake gani ma suna canzawa.

8. Kammalawa

Abin da muka tsaya a kai shi ne cewa Nailul Ibtihaj amintacce ne kan abin da ya faɗa, shirunsa kuwa ba hujja ba ne. Ya riƙe mana sunaye da shekaru da wallafe-wallafen da ba mu da su a wani wuri, kuma ba don shi ba da tarihin Anu Samman ya kusa shafewa gaba ɗaya. Amma littafin mazhaba ne, an kammala shi a Marakesh, kuma abin da ya sani game da gabashin Tumbutu ya bi ta hannun iyali guda.

Ga ɗalibanmu masu shirya kundi muna ba da shawara uku. A duk tarjama a fara tambayar ta wace hanya labarin ya iso ga marubucin. A kwatanta lafazin Nailul Ibtihaj da na Kifayatul Muhtaj da na Infaƙul Maisuri kafin a ƙirga shaidu. Sa'an nan a nemi waɗanda aka ambata a gefe ba tare da suna ba, almajirai da abokan gardama, a wasu irin takardu: ijazozi, da bayanan da masu kwafi ke rubutawa a ƙarshen littafi, da salsalar gidajen malamai. Juzu'i na biyu na kundin adabin Larabci na Afirka da John Hunwick ya fitar cikin 1995 ya share hanya, haka ma aikin Djibo Hamani kan Adar (1975) da kan sarautar Ayar (1989). Rubuce-rubucen hannu da ke sashen Larabci da ajami na IRSH a Yamai, waɗanda tushensu tarin Boubou Hama ne, da waɗanda ke hannun iyalai a Agadas da Abalak da Tawa da Damagaram, nan ne wurin da ya dace a ci gaba da wannan aiki.